Takalma Tara a Bakin Ƙofa

Kwana goma sha ɗaya ke nan rabon Solfrid da giya, kuma a safiyar Asabar ɗin nan ta san cewa in aka bar ta ita kaɗai ba za ta ga na goma sha biyu ba.

Ba wani abu ne ya faru ba. Da ma wani abu ne ya faru, da ta sami inda za ta jingina laifi. Farkawa kawai ta yi ta tarar ƙishin na zaune a bakin gado yana jiran ta, kamar tsohon baƙon da ya san inda ake ɓoye mabuɗi. Ta sauko shagonta na gyaran takalma, ta kunna fitila, ta ɗauki basilla. Basilla ta hau rawa a hannunta. Ta ajiye.

A gefen teburin aiki takalman mijinta Eilif na nan inda ya bar su tun watan Janairu, ranar da zai tafi arewa kamun kifin hunturu. Tafinsu ya cinye, suna jiran sabo. Ba ta taɓa su ba. Duk lokacin da idonta ya faɗa kansu sai ta ji muryarsa ta ranar, a hankali, babu faɗa, abin da ya fi faɗan ciwo.

"Solfrid, son ki dai na iya shi, shekara goma sha huɗu ina yi ban gaji ba. Amma ciwon nan ban san kansa ba. Ki nemi waɗanda suka san shi." Ya saɓa jakarsa, ya tsaya a ƙofa bai juyo ba. "In na dawo, jakar nan ko ta hau benenmu ko ta wuce gidan ƙanena. Ba barazana nake miki ba. Ƙarfina ne ya ƙare."

Wata biyu ta ƙara tana sha bayan tafiyarsa, don haushi, don kewa, don babu mai gani. Sannan ta daina. Yanzu jirginsu Juma'a zai iso, saura kwana shida, ga shi hannunta ya kasa riƙe basilla.

Ta jawo waya, ta rubuta abin da ta daɗe tana jin kunyar rubutawa ko da babu kowa: inda masu barin giya ke haɗuwa su taimaki juna, kusa da nan. Jerin ya fito. Na farko: Ytrevik, garinsu, duk Talata, ɗakin ƙasa na zauren coci. Ta ɗaga kai ta duba ta tagar shago. Ga ƙofar can, tsallaken titi, taku ashirin. Dariya ta kubce mata, mai ɗaci. A Ytrevik? Garin da in ka yi atishawa a bakin tasha, kafin ka isa gida an aiko maka da maganin mura? Ai gara ta rataya allo a wuya.

Na biyu: Holmen, duk Asabar ƙarfe biyu, tsohon zauren masunta. Tsallaken ruwa, tafiyar minti arba'in a jirgin fito. Mutanen Holmen suna da mai gyaran takalmansu, ba su san ta ba, ba ta san su ba. Ta rufe shago.

Jirgin ƙarfe ɗaya ya ishe ta, amma zama ya gagare ta, sai ta bi na sha biyu. Kuskuren farko ke nan, don Holmen ba baƙon gari ba ne a wurinta. A nan shagon giya na gwamnati yake, wanda babu irinsa a Ytrevik, kuma ƙafafunta sun san hanyarsa fiye da yadda suka san ta coci. Ranar Asabar ƙarfe uku yake rufewa, sai kuma Litinin. Sau uku ta wuce ta gabansa. Kwalabe na jere a bayan gilashi suna ƙyalli, masu haƙuri, kamar sun san ba sai sun kira ta ba. A karo na uku har ta ɗora hannu a mariƙin ƙofa, wata mata ta fito da jaka tana ƙara, Solfrid ta ja baya, ta juya ta nufi bakin ruwa kusan da gudu, dusar ƙanƙara mai narkewa na fallatsa mata har gwiwa.

Biyu da minti goma ta isa zauren masunta. Ta tura ƙofar waje ta shiga ƙaramin soron da ake rataye riguna. Daga ciki ana jiyo muryoyi ƙasa-ƙasa da ƙamshin gahawa. A bango an manna takarda: daɓen katako ne, a taimaka a cire takalmi. Ta sunkuya ta zare na dama.

A nan ta gan su. Takalman mutum tara, jere a gindin bango, kowanne da ɗan tafkin ruwansa a ƙasa.

Wani zai ga takalma ne kawai. Amma Solfrid 'yar Halvard ce, ta tashi a ƙarƙashin teburin mai gyaran takalma, kuma mahaifinta ya koya mata tun kafin ta iya karatu cewa fuska tana ƙarya, dunduniya ba ta yi. Jajayen nan masu dogon wuya na malamar makarantar yara ne, ita ta canja musu zif kafin Kirsimeti. Masu ruwan ƙasan nan, da aka ƙara wa na hagu tsawo kaɗan, na likitan haƙori ne. Ga na mai kai wasiƙu, da ke cinye gefen waje kullum. Ga ƙananan na Magnhild mai sayar da furanni, wadda ke ɗaga mata hannu kowace safiya. Bakwai cikin tara daga hannunta suka fito. Bakwai cikin tara 'yan Ytrevik ne.

Ta tsallaka ruwa don ta guje wa garinsu, ga garin nasu ya riga ta isowa ya tuɓe takalmi.

Sai idonta ya kai kan na ƙarshe, dab da ƙofa. Baƙaƙe, manya, na Oddvar ne, tsohon direban jirgin fito da ya yi ritaya, abokin marigayi mahaifinta. Ta durƙusa ta ɗauki na hagu ta juya shi. Ɗinkin da ya zagaye tafinsa ya tafi a karkace, nan ya matse nan ya buɗe, kamar sawun maciji a yashi. Ta tuna ranar. Shekara biyu ke nan, wata la'asar, da kwalba a ɓoye a bayan gwangwanin gam. Washegari Oddvar ya zo karɓa, ya duba, ya ce ya gode, ya tafi. Ta yi ta gaya wa kanta idon tsoho ne, bai gani ba.

Ta dubi agogo. Biyu da minti ashirin. Saura minti arba'in a rufe shagon can, kuma tafiyar minti bakwai ce. Ta lissafa wannan ba tare da ta so ba, kamar yadda harshe ke zuwa wurin haƙori mai ciwo.

Ƙofar ciki ta buɗe. Oddvar ne, riƙe da butar gahawa, sanye da safar ulu da babban yatsa ya leƙo ta ɗaya. Ya dube ta, durƙushe, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, nasa a hannunta. Ya ja ƙofar ya rufe a bayansa.

"'Yar Halvard, ajiye min takalmi. Sata da rana tsaka, a gidan mutane?"

"Ɓatan hanya na yi," ta ce. Muryar ba tata ba ce.

"Ƙwarai kuwa. Mu ma duk ɓatan hanya muka yi. Ni shekara goma sha tara ke nan ina ɓatan hanya duk Asabar, ƙarfe biyu daidai."

"Oddvar, kusan duk 'yan garinmu ne a ciki!" Ta nuna jerin takalman. "Na san su. Na zo nan ne don kada kowa ya san ni."

"Su kuma kina tsammani yawon buɗe ido ya kawo su?" Ya ajiye butar a kan benci ya zauna da nishi. "Bari in tambaye ki. Duk Talata, mutanen nan da ke sauka ɗakin ƙasan coci, a gaban shagonki, su wane ne?"

Ta sha ganin su, baƙin fuska, kowa kansa a sunkuye. "Na ɗauka mawaƙan coci ne daga wani gari."

Tsohon ya tuntsire da dariya har sai da ya toshe baki da hula. "Mawaƙa! Kai, sai na gaya musu. 'Yan Holmen ne, 'yar nan. Su suna gudowa wurinmu ranar Talata, mu muna gudowa wurinsu ranar Asabar. Shekara talatin ina tuƙa jirgin nan, ina kai masu kunya can ina dawo da masu kunya nan, kafin ni ma in shiga layi. Akwai shekarar da wani mai wayo ya kawo shawarar kowa ya zauna garinsu a huta da tsallake ruwa. Saura kaɗan a jefa shi a ciki."

Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan ɗinkin. Ta bi shi da yatsa tun daga dunduniya har baki.

"Ka gani," ta ce. "Tun ranar ka gani."

"Na gani."

"Ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Ni da wani ya tare ni a lokacina ya ce Oddvar kana sha, da ya sha ruwan teku. Ba a jawo mutum nan da igiya." Ya shafa gemu, muryarsa ta sauka. "Amma hannun Halvard na sani, na san naki. Da na ga layin ɗinkin nan na ce yarinyar nan tana cikin ruwa. To sai na yi abin da zan iya. Duk Asabar takalman nan nake sawa, kuma a nan nake ajiye su, na ƙarshe, bakin ƙofa. Na ce 'yar mai takalma ƙasa take fara kallo kafin fuska. In Allah ya kawo ta wata rana, bari ta tarar akwai wanda ya sani tun tuni, kuma bai daina gaishe ta ba."

Solfrid ta ji wani abu da ya shekara biyu a ɗaure a ƙirjinta ya saki. Ba kamar igiya ta tsinke ba, kamar ƙanƙarar rufin gida ce da ke zamewa gaba ɗaya a farkon bazara, ta faɗi, hasken rana ya sami wuri. Ta rungume takalmin tsohon a ƙirji, da laka da ruwan gishirinsa, tana kuka irin na yara, mai shessheƙa. Duk ƙarfin da ta ɓata tana tauna alewar na'a-na'a, tana kai kwalabe kwandon sharar wata unguwa, tana murmushi ga masu kawo aiki, ashe sirrin na tafe a ƙafar mutum yana zaga gari, kuma duniya ba ta tashi ba.

"Takalman suna shan ruwa?" ta tambaya da ƙyar, tana goge hanci da bayan hannu.

"Kamar kwando. Hunturu biyu ƙafata ta hagu tana jiƙe. Matata ta ce in ta ƙara shekara sai ta fitar da ƙaya irin ta kifi."

Wannan karon dariyar ta zo, a cakuɗe da hawaye.

Oddvar ya miƙe ya ɗauki butarsa. "To, ji nan. Ga ƙofar waje. Shagon can uku yake rufewa, na san kin sani, dukanmu nan agogon nan a jininmu yake. Ga kuma ƙofar ciki. Ni ruwa aka aike ni ɗiba, kuma Magnhild ba ta da haƙuri." Ya wuce ɗakin girki bai waiwayo ba.

Ta saura ita kaɗai da takalma tara da ƙarar famfo daga nesa. Biyu da rabi. Ƙishin bai tafi ba, yana nan tsaye a ƙofar waje riƙe da rigarta, yana cewa minti bakwai ne kawai. Ta mayar da takalmin Oddvar wurinsa, ta daidaita shi da ɗan'uwansa. Ta zare nata na hagu. Da farko ta buɗe jaka za ta cusa su ciki, kada wani mai shigowa ya gane. Ta tsaya tana kallon su a hannunta, ɗinkin mahaifinta ne, miƙaƙƙe kamar zaren awo. Sai ta sunkuya ta ajiye su a ƙasa, kusa da baƙaƙen. Suka zama goma.

Ɗakin ya fi yadda ta zata ƙanƙanta. Dogon tebur, kofuna, farantin biskit, taga mai kallon ruwa. Kawuna suka ɗago. Likitan haƙori, wanda bara ya cire mata haƙori, ya dube ta kamar bai taɓa ganin cikin bakinta ba. Malamar yara ta janye kujerar da ke kusa da ita.

"Sannu da zuwa," in ji Magnhild mai furanni daga kan tebur. "Ya sunanki?"

Solfrid ta buɗe baki. "Haba Magnhild, jiya-jiyan nan kika…"

"A nan ba mu san kowa ba sai ya faɗa da bakinsa. In ba ki so, ki sha gahawa kawai, ba mai tambayar ki. Amma ina gargaɗin ki, Oddvar ne ya dafa."

"Na ji ki, tsohuwa," in ji shi daga ƙofa.

"Don ka ji na faɗa."

Ta zauna. Ta kama kofin da hannu biyu don kada ya zube. Sanyin katako na ratsa safarta, kuma a ƙarƙashin tebur ta hango ƙafafun manyan garinsu cikin safa, wata ja, wata mai faci, wata ba ta dace da 'yar'uwarta ba. Da wuya ka ji tsoron mutumin da kake kallon safarsa.

"Sunana Solfrid," ta ce. "Giya ta fi ƙarfina. Yau kwanana goma sha ɗaya. Ban san yadda zan kai gobe ba."

"Sannu, Solfrid," suka amsa baki ɗaya. Babu wanda ya zaro ido, babu wanda ya ce ashe. Mai kai wasiƙu ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Kwana na goma sha ɗaya mugu ne. Nawa a bayan gida na yi shi, na kulle kaina na ba matata mabuɗi." Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Sai suka ci gaba daga inda suka tsaya. Likitan haƙori na ba da labarin bikin ƙanwarsa da yadda ya riƙe kofin ruwan tuffa tun safe har yamma kamar mai gadinsa. Solfrid na saurare, tana mamakin yadda kowane baki ke faɗin wani abu da ta ɗauka ita kaɗai ta san shi a duniya. Yana tsakiyar magana agogon cocin Holmen ya buga. Ɗaya. Biyu. Uku.

Likita ya yi shiru. Kowa ya kasa kunne. Magnhild ta ɗaga kofinta kaɗan.

"An rufe," ta ce.

Ɗakin ya saki numfashi lokaci guda, har da Oddvar mai shekara goma sha tara. Malamar yara ta matso ta raɗa wa Solfrid, "Shi ya sa muke farawa ƙarfe biyu. Kafin mu fito, ya zama sai Litinin. Litinin kuma akwai waya, sai ki kira ɗayanmu." Solfrid ta jingina da kujera. Kafaɗunta suka sauko daga inda suka maƙale tun asuba. Ta ji gajiya mai daɗi, irin ta wanda ya yi iyo ya taɓa ƙasa da ƙafa.

A jirgin ƙarfe huɗu kowa ya kama gabansa. Likita ya buɗe jarida a wancan lungu, Magnhild ta fito da saƙa, mai kai wasiƙu ya tsaya a waje yana kallon tsuntsaye. Mutum bakwai da suka gama zazzage zuciyarsu a tebur ɗaya, yanzu ko kallon juna ba sa yi. Solfrid ta fahimta ba tare da an gaya mata ba, ta sami kujerar taga ita ma ta zama baƙuwa.

Oddvar ya zo wucewa, takalminsa na hagu na ƙarar ruwa. Bai dube ta ba. Ya ajiye faranti a teburinta kamar ya manta da shi: fanken jirgi mai ɗumi, an shafa man shanu da sukari an ninke. A ƙarƙashin farantin akwai 'yar takarda da lambobin waya uku.

"Litinin ka kawo takalman," ta ce tana kallon taga.

"Akwai na wani a gabana a layi," ya ce yana kallon rufi. "Tun Janairu nake ganin su ta gilashi." Ya wuce.

Ta ciro waya. Ta rubuta wa Eilif doguwar wasiƙa, da ban haƙuri da alkawura da rantsuwa, ta karanta, ta goge duka. Alkawari ya ji su da yawa. Ta rubuta: Na nemo su. Na shiga. Zan koma Asabar.

Can arewa ba kullum waya ke kamawa a teku ba. Ta ajiye ta a kife, ta ci fanken, sukari na manne mata a yatsu. Holmen ta ƙanƙance a baya. Duwatsun Ytrevik suka taso, da farin kansu da jajayen gidaje a gindinsu, kuma karon farko cikin shekaru ta dube su ba ta ji kamar idanu ne ba. Jirgi ya fara rage gudu, ma'aikata na shirya igiya, sai wayar ta yi motsi a kan tebur.

Ta juya ta. Layi biyu ne.

Ki sa wa takalmana tafi, ki kawo min su bakin tasha ranar Juma'a. A ƙofarmu nake so in cire su.

Solfrid ta karanta sau uku, ta kifa fuska a tafin hannu. Daga wancan lungu Magnhild, wadda wai ba ta san ta ba, ta ci gaba da saƙarta tana murmushi ga zare.

Da ta isa shago rana ba ta faɗi ba tukuna. Ba ta cire riga ba ta jawo takalman Eilif tsakiyar tebur, ta ɓamɓare tsohon tafin, ta yanka sabo. Ta ɗauki basilla. Hannun na rawa har yanzu, kaɗan. Ta jira, ta ja numfashi, ta huda rami na farko. Ta duba. Ta huda na biyu kusa da shi, a kan layi.